Ficewar Nijar Daga ECOWAS: A Wane Akwati Fushin Zai Faɗa?

Ranar 29 ga Janairun 2025 wa'adin shekara guda ya cika, Jamhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga Ƙungiyar Bunƙasa Tattalin Arzikin Ƙasashen Yammacin Afirka, wato ECOWAS, fita ta hukuma. Ƙungiyar da Janar Yakubu Gowon da Eyadema na Togo suka yi ɗawainiyar kafawa a Legas ranar 28 ga Mayun 1975 ta koma mai ƙasashe 12, ta kuma rasa fiye da rabin faɗin ƙasarta a yini ɗaya. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan rabuwa, amma galibinsu a kan Faransa da Rasha da yuraniyom suke tsayawa. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne wanda zai biya bashin rabuwar a gaban masu jefa ƙuri'a, da kuma ƙasar da za a biya shi a cikinta. A ganina amsar tana nan yammacin Jihar Katsina, a garuruwa irin su Zakka da Runka na Ƙaramar Hukumar Safana, da Ruma da Wagini na Batsari.

Kafin mu isa can, bari mu leƙa Birtaniya, domin ita ce ƙasar da ta fi kowace bayyana wa duniya yadda irin wannan saki yake ƙarewa. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita daga Tarayyar Turai, kashi 48 suka ce a zauna. Washegari Firaminista David Cameron ya sanar da murabus. Theresa May ta gaje shi, ta kai yarjejeniyar fita gaban majalisa har sau uku ana watsi da ita, ta sauka a 2019. Boris Johnson ya fitar da ƙasar ranar 31 ga Janairun 2020, shi ma bai gama wa'adinsa ba. Liz Truss ba ta cika kwana hamsin ba. Rishi Sunak ne ya kai jam'iyyar masu ra'ayin riƙau zaɓen Yulin 2024, inda ta tashi da kujeru 121 cikin 650, kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba a tarihinta. Ba ficewar kaɗai ce ta kayar da su ba, akwai tsadar rayuwa da abubuwan kunya da suka biyo baya. Amma firaminista biyar daga jam'iyya ɗaya cikin shekara takwas ba ƙaramar girgiza ba ce. Kuma abin lura, babban ƙashin da ya tsaya wa kowa a wuya shi ne iyakar tsibirin Ailan, inda layi ya raba mutane masu dangantaka ɗaya, waɗanda mafi yawansu a ɓangaren arewa ba su ma zaɓi fitar ba.

To amma duk da wannan hargitsi, Baturen Ingila yana da abu guda: shi ya yanke hukuncin da hannunsa, kuma da ya ji jiki ya san wanda zai hukunta, ya san ranar da zai hukunta shi. Namu lamarin ya sha bamban. Waɗanda ƙasarsu ta fita ba a tambaye su ba, kuma ba su da akwatin da za su kai kuka. Waɗanda suke da akwatin, ƙasarsu ba ta fita ba, amma a jikinsu fitar take ƙarewa.

Mai karatu da bai san yankin ba, ya sani cewa Safana da Batsari suna jingine da Dajin Rugu ta yamma, Jibiya kuma tana arewa da Batsari. Daga Jibiya sai Magama, sai Ɗan Isa a cikin Nijar, sai Maraɗi. Ita kuwa Maraɗi, duk ɗalibin tarihi ya san Katsinawa ne suka raya ta, wato gidan sarautar Haɓe da ya bar Birnin Katsina bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. A ƙarni na 19 ƙasar Ruma ita ce bakin daga tsakanin Katsinar Dallazawa da Katsinar Maraɗi, kuma yaƙe-yaƙen wancan zamani suna cikin abin da ya watsa garuruwa daji ya cinye su. Layin da Ingila da Faransa suka yi ta ja suna gogewa daga 1890 zuwa 1906 ya zo ya tarar da mutane masu harshe ɗaya, da auratayya ɗaya, da kasuwanni masu cin juna. Raguna da raƙuma da wake da kanwa suna gangarowa kudu, masara da kayan masana'antu da man fetur suna hawa arewa. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Katsina da Zamfara da Sakkwato daga 2019, dubun-dubatar mutanenmu Jihar Maraɗi suka nufa, domin ta fi musu kusa da Abuja ta kowace fuska.

Ni da nazarin harshe ya zama abincina, na daɗe ina lura da wani abu: Bahaushen Jibiya yana cewa ECOWAS, ɗan'uwansa na Ɗan Isa yana cewa CEDEAO, kowa da baƙaƙen da Baturensa ya bar masa, kuma babu ɗayansu da ya taɓa damuwa ya raɗa mata sunan gida. Abin da ya shiga rai shi ake yi wa suna. Ƙungiyar ta yi shekara kusan hamsin ba ta shiga ran talaka ba, duk da kuwa ita ce ta ba shi, ta hanyar yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, damar shiga ƙasar maƙwabci ba da biza ba har kwana 90, ta kuma yafe wa amfanin gonarsa da dabbobinsa harajin kwastan, aƙalla a takarda. Talaka bai san ƙungiyar da alherinta ba. Ranar da ya san ta sosai ita ce ranar da ta rufe masa hanya.

Idan ba a manta ba, ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka tsare zaɓaɓɓen shugaba Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, ƙarƙashin Shugaba Bola Ahmed Tinubu, wanda bai cika wata guda da karɓar jagorancin ƙungiyar ba, suka ba sojoji mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, aka dakatar da ciniki, aka riƙe kuɗaɗen gwamnatin Nijar. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar. Bahaushe ya fassara wannan mataki da kalmar takunkumi, kuma fassarar ta fi asalin faɗin gaskiya. Takunkumi abin da ake ɗaura wa dabba ne a baki don kada ta ci. Janar-janar ba su rasa abinci ba. Wanda bakinsa ya ɗauru shi ne direban da motarsa ta yi watanni a Magama, da ɗan dako, da mai sayar da abinci a tasha, da manomin Zakka da ya tsallake 'yan bindiga ya noma ɗan abin da ya samu, ya kai kasuwa ya tarar mai sayen bai iya tsallakowa ba.

Ba ina wanke juyin mulki ba ne. Mu da muka taso a zamanin soja mun san ɗanɗanonsa, kuma Bazoum shi ne shugaban farko a tarihin Nijar da ya karɓi mulki daga hannun wani zaɓaɓɓe, a 2021. ECOWAS tana da hujjar yin fushi. Kuskurenta shi ne ta zare takobin da ba za ta iya sara da shi ba, kuma ta zare shi ba tare da ta tambayi mutanen da ke zaune a bakin kube ba. Jihohi bakwai ne suke iyaka da Nijar, Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, a kan layin da ya kai kimanin kilomita 1,500. Ranar 5 ga Agustan 2023 Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, bayan sanatocin Arewa sun fito fili sun nuna adawa. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai, Sarki Muhammadu Sanusi II ya je ya gana da Tchiani, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ya bi baya. Duk wanda ya dubi jerin sunayen nan ya san cewa ƙofar da ta buɗe ba ta ƙungiya ba ce, ta zumunci ce.

Ranar 28 ga Janairun 2024 ƙasashen uku suka sanar da ficewa. Sai ranar 24 ga Fabrairu, bayan Gowon ya rubuta wasiƙar roƙo, ECOWAS ta janye takunkumin, Najeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris, Nijar ta biyo baya da 'yan kwanaki. Ihu bayan hari. Bazoum bai koma kujerarsa ba, Nijar ba ta dawo ƙungiya ba, kuma mutanen iyaka sun yi asarar wata bakwai da ɗoriya, a daidai lokacin da janye tallafin fetur na 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suke gasa musu aya a hannu. Wannan kuwa shi ne karo na biyu cikin shekara biyar, domin gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan wannan jiha, ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, har da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Yanzu mu juya ɗaya ɓangaren, domin akwai masu sha'awar ganin sojojin Yamai a matsayin gwarazan da ba sa kuskure, kuma da yawansu abokan aikina ne a jami'a. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya tambayi Bamaraɗe ko Badamagare ko yana so a fita? An yi gangami a Yamai, gaskiya ne, kuma ƙin jinin Faransa a Nijar ba ƙirƙira ba ce, yana da tushe mai zurfi. Amma taron filin wasa ba ƙuri'a ba ne. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Tchiani shugaban ƙasa na shekara biyar, wa'adin da za a iya tsawaitawa, aka kuma rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Ke nan ko ɗan kasuwar Maraɗi ya yi nadama, babu ranar da aka yanka masa da zai faɗa. Ga kuma wani abin mamaki: an fita daga ECOWAS da sunan yaƙar Faransa, alhali ita ce ƙungiyar da Najeriya ta haifa don ta haɗa masu Turanci da masu Faransanci, amma ranar da aka fita ɗin ba a taɓa kuɗin sefa ba, wanda ke ɗaure da kuɗin Turai, ba a kuma bar ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da shi ba.

Matakan da suka biyo baya su ne ya kamata su tsorata mutumin Batsari. A Oktoban 2024 Nijar ta haramta fitar da hatsi, gero da dawa da masara da shinkafa da wake, in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba. A Maris na 2025 ƙawancen ƙasashen uku, AES, ya ɗora harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shiga daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. A wannan watan ne Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. A watan Mayu, ana gab da Babbar Sallah, ta dakatar da fitar da dabbobi. Kowace ƙasa tana da ikon kare cikin 'ya'yanta, mu ma mun sha tare motocin hatsi a hanyar iyaka. Abin da ya canza shi ne, a da akwai yarjejeniyar da za a ɗaga a ce an saɓa, akwai kotu a Abuja da za a iya kai ƙara. Ranar ficewar, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, a bar kayansu su shiga kamar da, amma har zuwa lokacin da za a fitar da wata sanarwa. Wato abin da yake haƙƙi jiya, yau ya koma alfarma. Alfarma kuwa, mai ba da ita yana iya tashi da ɓacin rai.

To ina fushin zai faɗa? Ranar 25 ga Disambar 2024 Tchiani ya yi doguwar hira da gidan talabijin na ƙasarsa, da Hausa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa Nijar. Gwamnatin Najeriya ta musanta, Malam Nuhu Ribadu da kansa ya mayar da martani, shi ma da Hausa. Ba gaskiyar zargin ce ta dame ni a nan ba, domin ba a kawo hujjar da ta tabbatar da shi ba. Zaɓin harshen ne abin nazari. Da Paris yake wa magana da Faransanci zai yi. Ya yi da Hausa ne domin ya san cewa kafin gari ya waye muryarsa ta shiga wayoyin Kano da Katsina da Sakkwato, ba tare da tafinta ba, ba tare da biza ba. Watanni uku bayan haka sabuwar dokar mulkin Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Janar ɗin da ba ya fuskantar zaɓe a gida ya samu masu sauraro a cikin masu zaɓen maƙwabcinsa, kuma ya fi shugabansu iya magana da su. Wanda ya ga tutocin Rasha a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 a Kano da Kaduna da Katsina ya san cewa iskar da ke kaɗawa a Yamai tana ɗaga ƙura a nan. Wannan ba sabon abu ba ne, kuma ba hanya ɗaya yake bi ba: a farkon 2019 gwamnonin Maraɗi da Damagaram sun halarci gangamin yaƙin neman zaɓen Buhari a Kano, 'yan adawa suka yi ta ƙorafi.

Alƙaluman Katsina sun isa su hana ɗan siyasa mai hankali barci. A 2019 Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a jihar. A 2023 Atiku Abubakar ya samu 489,045, Tinubu ya samu 482,283. Jam'iyya mai mulki ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa a jihar shugaban ƙasa, da ratar da ba ta kai 7,000 ba, kuma in aka haɗa ƙuri'un mutum biyun ba su kai na Buhari shi kaɗai ba shekara huɗu kafin nan. Makonni uku bayan haka jam'iyyar ta ci kujerar gwamna da Malam Dikko Umaru Raɗɗa. Abu biyu nake karantawa a nan. Na farko, Bakatsine ya iya bambance Abuja da Katsina, ya san inda zai aika da saƙonsa. Na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro, mafi girman ɓangaren fushin bai koma wata jam'iyya ba, gida ya zauna. Duk wannan kuwa ya faru ne kafin juyin mulkin Yamai, kafin takunkumi, kafin janye tallafi.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Mutumin Zakka ba zai je rumfar zaɓe a 2027 yana tunanin sashe na kaza na yarjejeniyar ECOWAS ba. Abin da ke gabansa shi ne ko zai iya zuwa gonarsa ya dawo, da kuɗin tiyar gero, da kuɗin buhun taki, da ko sulhun da al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025 zai ɗore. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da jijiya a hayin iyaka. Makamai ta can suke shigowa, shanun sata ta can ake karkatar da su, ɗan bindigar da aka matsa wa a Rugu ta can yake sulalewa. Sojan Najeriya da na Nijar in ba sa ga-maciji, ɓarawo ne ya ci riba. Mai zaɓe ba ya rarrabe wahala gida-gida, dunƙule ta yake yi ya ɗora wa wanda hotonsa ke jikin bango. Tchiani ba ya cikin takardar ƙuri'a. Shugaban Saliyo Julius Maada Bio, da ya karɓi jagorancin ECOWAS daga Tinubu a Yunin 2025, shi ma ba ya ciki.

Su ma 'yan adawa kada su yi saurin murna. Cin moriyar fushi abu ne mai sauƙi, masu kiran a fita daga Tarayyar Turai sun ci moriyarsa a 2016, kuma shi ne ya cinye su daga baya. Wanda zai hau mumbari a Batsari ya zagi takunkumin 2023, sai a tambaye shi abin da zai yi da iyakar in ya samu mulki.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. Jiran Nijar ta dawo ECOWAS jiran gawon shanu ne. Muritaniya ta fita a shekarar 2000 ba ta dawo ba, sai a 2017 ta sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar, bayan shekara 17. Mutanen iyaka ba su da shekara 17 ta jira. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tasu ta kansu tun 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, kuma ziyarar da Ambasada Yusuf Maitama Tuggar ya kai Yamai a Afrilun 2025 a matsayin ministan harkokin waje ta nuna cewa ƙofar ba a kulle take ba. Ta wannan hukuma ya kamata a rubuta yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kaɗai, wadda za ta tabbatar da shiga da fita da katin shaida, ta ware abinci da magani da wutar lantarki daga duk wani rikicin siyasa na gaba, ta wajabta sanarwa kafin a hana fitar da hatsi ko dabbobi, ta kuma tsara sintirin haɗin gwiwa daga Jibiya zuwa Madarumfa. In ba haka ba, layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya, zai iya zama jirgin da ke tsayawa a Magama yana jiran izni.

Wannan aiki ne na Gwamnatin Tarayya, amma tura shi aikin wakilanmu ne. Mazaɓar Batsari da Safana da Ɗanmusa tana da kujera a Majalisar Wakilai, Katsina ta Tsakiya tana da sanata, kuma kowace yarjejeniya da wata ƙasa sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka kafin ta yi aiki a kotunanmu, kamar yadda sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Duk mai neman ɗaya daga cikin kujerun nan biyu, idan ya zo Zakka da ayarin motocinsa, a tsayar da shi a tambaye shi matsayinsa a kan yarjejeniyar iyaka, kuma ya amsa da Hausa, a gaban jama'a, a naɗi muryarsa a waya.